Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi: Nasiha Ga Masu Neman Aiki A Rano Da Kibiya

Yau zan ɗan ratse daga zancen littattafai da marubuta, in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda 'ya'yanmu da ƙannenmu na ƙasar Rano da Kibiya ke fita neman aiki, da yadda suke dawowa hannu rabbana, alhali wani lokacin sun fi wanda aka ɗauka sanin aikin.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne, kwanakin baya wani aminina da ke riƙe da wata makarantar al'umma a yankinmu ya roƙe ni in zauna cikin kwamitin da zai tantance malaman da za su ɗauka. Gurbi uku ne kacal, amma tun kafin ƙarfe takwas baranda ta cika. Wasu daga Rurum, wasu daga Saji, wasu sun taso tun asuba daga Tarai da Durba, kowa da fayil a hammata. Can wajen azahar aka shigo da wani saurayi mai digiri a fannin lissafi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Muka ce ya hau kujera, ya ɗosana a bakinta, kai a sunkuye. Shugaban kwamiti ya ce masa, "To malam, faɗa mana abin da ka iya." Ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai abin da kuka gani." Aka sake tambayarsa me ya sa yake ganin ya dace da aikin, ya ce, "Ai duk yana cikin takardun." Aka yi shiru, shi ma ya yi shiru. Na ga abokan zamana sun fara rubutu, na kuwa san abin da suke rubutawa.

Allah da ikonsa akwai guntun alli a kan teburin. Na miƙa masa na ce ya ɗauka mu 'yan aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare, ya koya mana yadda ake haɗa rabi da sulusi. Jama'a, sai ga wani mutum daban. Ya miƙe, murya ta buɗe, ya zana ƙosai a allo ya rarraba shi gida shida, har da jefo wa shugaban kwamiti tambaya. Kafin minti biyar kowa ya ajiye biro yana kallonsa. An ɗauke shi. Amma a hanyata ta komawa gida tambaya ɗaya ce ta riƙa yi mini yawo a kai: a wurare nawa ne za a sami mai miƙa masa alli? Sau nawa aka sallame shi a baya, ya koma gida yana cewa don ba shi da kowa ne?

Kafin wani ya ce na zo in ɗora wa talaka laifi, bari in fara da amsa gaskiyar da kowa ya sani. Aikin ya yi ƙaranci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33 cikin 100 na masu iya aiki a Nijeriya ba su da shi. A 2023 hukumar ta sauya ma'auni, ta koma lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 4. Lissafi ya sauya a takarda, amma majalisar samari da ke bakin titi tana nan yadda take. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, da aka tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, bayan an karɓi naira dubu a hannun kowannensu, a kan guraben da ba su kai dubu biyar ba. Turmutsutsu ya ci rayukan mutum fiye da 15 a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Haka kuma a watan Agusta na 2023, a gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai, wani tsohon jami'in Hukumar Daidaita Rabon Guraben Aiki ta Tarayya ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗi a hannun masu neman aiki. Hukumar da aka kafa don kada a danne ɗan Kibiya saboda ba shi da kowa a Abuja, a cikinta aka sami wannan ɓarna. Saboda haka in matashi ya ce "wa ka sani ya fi me ka sani", ba ƙarya ya yi ba.

Inda na raba hanya da shi shi ne inda ya mayar da wannan magana matashin kai ya kwanta a kanta. Gaskiya ne mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. To amma ba kowane tuwo ake tuƙawa a murhun gwamnati ba. Mai makaranta da ke biyan albashi daga aljihunsa, da mai asibiti, da mai kamfanin shinkafa, da ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar ma'aikatan wucin gadi don rigakafi ko ƙidaya, duk waɗannan wanda zai yi musu aiki suke nema, domin in suka ɗauki ɗan lele su ne da asara. Ko a gwamnatin ma, bayan manya sun ɗebi nasu, akan bar wani abu da sai an zauna jarrabawa. Wannan ragowar ita ce rabon ɗan talaka, kuma ita ce muke sakaci da ita. Sannan aikin da aka shiga ta taga yana iya fita ta taga. A 2023 gwamnatin Kano ta dakatar da albashin ma'aikata fiye da dubu goma da aka ɗauka a ƙarshen mulkin gwamnatin da ta gabace ta, ta kafa kwamitin tantancewa, daga ƙarshe aka mayar da mafi yawansu, aka sallami fiye da dubu uku. A irin wannan rana ubangida ba ya shiga ɗakin tare da kai. Daga kai sai fayil ɗinka.

To bari mu fara da fayil ɗin. Mu mutanen karkara muna da wata matsala da ba mu ɗauke ta komai ba sai ranar da ta kayar da mu, wato saɓanin suna da shekarun haihuwa. A ce sunanka Sani, mahaifinka Musa. Hedimasta ya rubuta ka a firamare da sunan gari, ka zama Sani Musa Rano. A jarrabawar fita sakandare aka juya, ka zama Musa Sani. Da ka je yin katin ɗan ƙasa ka tuna cewa sunanka na yanka Muhammadu, ka ƙara shi. A banki kuma wani ya rubuta Mohammed. A wurinka da danginka duk mutum ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta mutum huɗu ne, kuma ita ba ta jin magiya, ba ta san ɗan gidan wane ba. Haka shekarun haihuwa: wani an rage masa biyu a makaranta, ya sake rage uku da kansa, har ya zama bisa takarda ya gama firamare yana ɗan shekara shida. Aikin ɗamara kuwa da shekaru ake yinsa. Kurtun ɗan sanda akan nemi mai shekara 18 zuwa 25. Wanda ya haura 30 kafin ya gama digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, ita ma kuma sai ya nema ya karɓa ya ajiye. Gyaran suna a hukumar katin ɗan ƙasa, da takardar rantsuwa a kotu, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, kowanne yana cin kwanaki, wani ma watanni. Shafin neman aiki kuwa makonni kaɗan yake yi a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da babu wani aiki da aka tallata, yau ce ranar da za ka baje takardunka a tabarma ka karanta su harafi bayan harafi. Mai takardar NCE ko digirin koyarwa ya tabbata ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Mace da ta yi aure ta yi tunani sau biyu kafin ta canja sunan mahaifinta zuwa na miji a wata takarda ta bar sauran.

Abu na biyu, kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, hukumomin ɗamara da manyan ma'aikatu suka bi sahu. Amma har gobe za ka ga mai difloma ya miƙa wa yaron shagon intanet takardunsa ya koma benci yana danna waya, yaro ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, wani lokacin ma ya sa lambar wayarsa shi yaron. Bayan wata uku a aiko da gayyata, tana can a akwatin da mai shi bai san hanyar shiga ba. Shi kuma yana majalisa yana cewa an yi rabon a ɓoye. Ɗan'uwa, wayar da kake kwana kana kallon TikTok da ita, ita ce dai za ta buɗe maka imel. Ka riƙe adireshinka da kalmar sirrinka kamar yadda ka riƙe lambar asusunka na banki. Ka zauna kusa da mai cike maka fom, ka karanta kafin ya tura. In kuma hannunka bai saba da linzamin kwamfuta ba, ka sayi awa biyu ko uku a shago ka koya tun kafin ranar da agogo zai riƙa ƙirga maka daƙiƙa a saman allo.

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kira si-bi, ita ma haka. A zaman da na ba ku labari na ga guda huɗu iri ɗaya sak, har kuskuren rubutun iri ɗaya, suna kawai aka canja. Dukkansu sun ce suna son karance-karance da tafiye-tafiye. Da muka tambayi ɗaya wane littafi ya karanta na ƙarshe, sai ya kama susar ƙeya. Abin takaicin kuma, abubuwan da suka yi na gaske ba su rubuta ba. Wannan ya shekara uku yana koyarwa kyauta a Islamiyyar unguwarsu. Wancan shi ke riƙe da littafin kuɗin ƙungiyar manoman rani ta ƙauyensu. Wata ta yi aikin allurar shan inna gida-gida zagaye da yawa. Wani ya yi shekara biyu a shirin N-Power da aka fara a 2016, yana koyarwa a firamare a kan naira dubu talatin. Duk sun raina waɗannan, suna ganin ba aikin ofis ba ne. Alhali su ne ainihin abin da mai ɗaukar aiki ke son ji, domin su ke nuna an taɓa ba ka amana ka riƙe.

Yanzu sai babbar maganar, wato baki. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici. Yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya dogon zance a gabansa, kuma tun muna ƙanana ake gaya mana yabon kai jahilci. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan ranar da za mu rabu da ita. Sai dai kowane wuri da ladabinsa. Ladabin zauren mahaifinka shi ne ka yi shiru. Ladabin ɗakin intabiyu shi ne ka amsa abin da aka tambaye ka, domin mutanen nan sun bar ayyukansu ne don su ji daga bakinka, minti goma kuma suka ba ka. Masu tarihi sun ce a rabon ayyukan Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Marini ba ya buƙatar dogon bayani, hannunsa kawai za ka kalla ka san sana'arsa. Kai kuwa ilminka bai rina maka hannu ba. In ba ka faɗa ba, babu mai gani.

Wanda ke jin faɗin abin da ya iya ya saɓa wa addini, ya koma ga ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Da ya tsaya gaban sarkin Masar, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffofin da suka sa ya dace, wato tsare amana da sanin aiki. A ƙissar Annabi Musa a Madyana ma, ƙarfi da amana aka duba aka ɗauke shi aiki. Bambancin yabon kai da bayanin kai a fili yake. Mai yabon kai cewa yake babu kamarsa. Mai bayanin kai cewa yake, "Na koyar da aji mai yara saba'in na tsawon shekara biyu, ga yadda na riƙa yi da waɗanda ba su iya karatu ba." Na farko alfahari ne, na biyu shaida ce, kuma ana iya zuwa a bincika.

Wani abin da ke ɗaure harshen yaranmu shi ne Turanci. Suna jin tsoron kada su yi kuskure a yi musu dariya, sai su zaɓi shiru. To ku sani, masu zaman kwamitin nan su ma yawancinsu a makarantun gwamnati irin naku suka yi karatu, ba Turawa ba ne. Gajeriyar jimla mai ma'ana ta fi doguwar da aka haddace aka manta rabinta. Maganin kuwa maimaici ne. Ka sami abokinka ko tsohon malaminka ya zauna a matsayin shugaban kwamiti, ya tambaye ka: kai wane ne, me ka iya, me ya sa kake son wannan aiki, wace matsala ka taɓa warwarewa, nawa kake so a biya ka. Ka amsa da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Karo na farko za ka ji kunyar kanka. Karo na goma za ka ji bakinka ya saki.

Ka kuma san gidan da za ka. Ina mamakin saurayin da in zai je gaishe da surukai sai ya yi bincike: wane ne babba a gidan, me yake so, me ba ya so, wace riga ta dace. Ya yi wanki, ya yi guga, ya yi aski, ya isa kafin lokaci. Amma shi ɗin ne zai je neman aiki a asibiti ko kamfani bai san me suke yi ba, bai san sunan muƙamin da ya nema ba, ya iso a makare yana cewa mota ce ta tsaya lodi a Bunkure. In an ce ƙarfe tara a Sakatariyar Audu Bako ko a Gidan Murtala, kai kuma daga Kibiya za ka taso, ka bi ta Rano da Bunkure ka fita Karfi kafin ka kama titin Zariya, to ka kwana a birni wurin ɗan'uwa, ko ka fito da sallar asuba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai an yi masa tanadi, saboda haka ka ware shi gefe tun ranar da ka cike fom. Ba sai ka ari kwat ba. Kaftani mai tsabta da hula sun wadatar, haka hijabi mai tsabta ga 'ya mace. A kashe waya. A riƙe takardu na asali da kwafinsu a jere, kada a tsaya lalube a gaban mutane.

Sai gargaɗi ga iyaye. Don Allah a daina sayar da gona ko shanun huɗa don a saya wa yaro aiki. Kowa a yankin nan ya san gidan da aka yi haka, aka kawo takardar kama aiki mai tambari da sa hannu, yaro ya yi sallama da dangi ya tafi Abuja, a bakin ƙofa aka ce masa ta bogi ce. Gona ta tafi, aiki bai zo ba, mai karɓar kuɗin ya kashe waya, kuma ba ka da bakin kai ƙara domin kai ma ka san cin hanci ka bayar. Ko da takardar ta gaske ce, ka dubi lissafin. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu saba'in ne. Shekara nawa yaro zai yi kafin ya mayar da kuɗin gonar, in ba shi ma ya koma karɓa a hannun wasu ba?

Kada kuma mu taƙaita kalmar aiki ga teburin gwamnati. Ruwan madatsar Tiga, da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, yana ciyar da noman rani a Bunkure da Kura da Kadawa, kuma kewaye da noman nan akwai masu casar shinkafa, da dillalan taki da iri, da masu gyaran injin ban-ruwa, duk suna buƙatar mai ilmin da zai riƙe musu lissafi. A cikin garin Rano akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano mai koyar da fasahar karkara da dogaro da kai. Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, wanda gidajen mansa suka bazu a ƙasar nan har ya kai ga kafa kamfanin jiragen sama, ta hanyar kasuwanci ya kai inda ya kai. Sai dai a sani, kasuwa ma tana da tata intabiyun. Alhajin Kantin Kwari ko Singa ba zai tambaye ka si-bi ba, amma zai tambayi wanda ya kawo ka, ya aike ka da kuɗi ya ƙirga canji, ya lura da lokacin da kake zuwa buɗe shago. Tasa jarrabawar wata shida take yi, ba ka ma san ana yi maka ita ba.

Daga ƙarshe, akwai hakki a kanmu mu da muka riga su. Rano da Kibiya da Bunkure masarauta ɗaya ce, mazaɓar tarayya ɗaya ce, kuma Allah Ya albarkace mu da malaman jami'a da likitoci da manyan ma'aikata da tsofaffin jami'an ɗamara. Me zai hana ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari su ware Asabar ɗaya a kowane hutu, a ari aji biyu a makarantar sakandare, waɗannan manya su zauna su duba takardun yara, su yi musu gwajin intabiyu, su gaya musu gaskiya? Abin da za a kashe bai wuce kuɗin ruwan sha ba. 'Yan siyasarmu kuma, maimakon a ɓoye labarin gurbi a raba wa 'yan gaban goshi, a liƙa shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, a sanar a masallatan Juma'a, kowa ya ji.

Ban ce duk wanda ya shirya zai samu ba. Rabo na Allah ne, kuma za ka iya yin komai daidai a ba wa ɗan wani. In haka ta faru ka san an zalunce ka, kana da hujja a gaban Allah da gaban mutane, gobe kuma ka sake fita da shirinka a hannu. Abin da ba na so shi ne ranar da ƙofar ta buɗe da gaske, aka ce shigo ka faɗi abin da ka iya, ka sunkuyar da kai ka ce sai abin da aka gani. Malamin lissafin nan yana nan yana koyarwa, yara suna son darasinsa. Ranar da na sake haɗuwa da shi na ce masa, "Malam, saura kaɗan kunya ta cinye maka abinci." Ya yi dariya ya ce wallahi ba wanda ya taɓa gaya masa ana so ya yi magana. To ga shi yau na gaya muku, ku ma ku gaya wa na ƙasa da ku.

Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, Ya sa iyaye su ci moriyar wahalar da suka sha. Wassalam.